Kullum Kishiya, Kullum Boka: Ina Alhakin Maigida?

Ranar Asabar da yamma na leƙa gidan yayana, na tarar da 'yarsa mai shekara 15 a tsakar gida tana tsintar shinkafa, waya a gefen faranti tana karanto mata littafi. Irin littattafan nan ne da ake ɗorawa a YouTube, murya ɗaya ta yi ta zuba awa biyu ba hutawa. Na ja kujera na zauna ina jiran uwarta ta idar da sallah, labarin yana shiga kunnena ko ban so ba.

Aka zo wurin da amarya ta dawo daga wajen boka da ƙullin magani a bakin zani, ta barbaɗa a miyar maigida. Kafin gari ya waye, mutumin da aka ce ya shekara 12 yana riritar matarsa ya tashi ko inuwarta ba ya son gani. Yarinyar nan ta dire faranti, ta dube ni, ta ce, "Goggo, wallahi duk wadda ta shigo mini gida sai na ga bayanta."

Ko saurayi ba ta fara ba. Gidansu mace ɗaya ce, ba ta taɓa kwana a gidan da ake rabon girki ba. Duk abin da ta sani game da kishiya, a littafi ta tsince shi. Amma har ta gama shirya wa wata baiwar Allah da ba ta sani ba gaba mai tsanani.

Tun ranar abin yake cina. Ra'ayina shi ne, da yawa daga cikin marubutan labaranmu na yanzu ba sa rubuta kishiya a matsayin mutum, dodo suke zanawa su sa masa ɗankwali. Boka kuma da suke jawowa cikin kowane labari, ba don komai ba ne sai don a wanke maigida tas daga abin da ya aikata da hankalinsa. Wannan tauye gaskiya ne, kuma rauni ne a rubutu.

Wadda ke riƙe da labari ita ce ta kirki

A ɗauki littafi goma daga cikin waɗanda ake turawa a zaurukan WhatsApp ko ake karantawa a Wattpad, a duba. In tauraruwar labarin uwargida ce, to amarya 'yar bariki ce, mai shafe-shafe, mai ƙawaye 'yan duniya, uwarta kuma 'yar bin malaman tsibbu. In kuwa tauraruwar amarya ce, sai a juya: uwargida ƙazama ce, masifaffiya, ba ta iya girki ba, ba ta iya tarbar miji ba, 'ya'yanta marasa tarbiyya. Amarya kuwa fara, doguwa, gashi har gadon baya, ga ilimin addini, ga ladabi.

Mace ɗaya ce fa. Matsayinta a gidan bai canza ba, wurin da marubuciya ta tsaya ne kawai ya canza. Wadda aka tsine wa a wannan littafi ita ce ake yi wa kuka a na gaba.

Wannan tsari ba yau aka fara shi ba. Duk wanda kakarsa ta yi wa tatsuniya ya san 'yar bora da 'yar mowa: ɗaya ta sha wuya ta yi ladabi ta dawo da arziki, ɗaya ta yi rashin kunya ta dawo da tsiya. Ban ga laifin tatsuniya ba. Aikinta ke nan, ta raba fari da baƙi don yaro ɗan shekara shida ya gane kafin barci ya ɗauke shi, a ce ƙurunƙus a tashi. Amma littafi mai shafi ɗari uku da aka rubuta wa manya bai kamata ya tsaya inda tatsuniya ta tsaya ba.

Kuma ko a tatsuniyar ma, a tsaya a dubi kalmomin nan biyu. Wa ya mayar da wannan mowa, ya mayar da waccan bora? Babu macen da aka haifa bora. Miji ne yake ɗaga ɗaya ya ajiye ɗaya. Harshenmu da kansa ya nuna inda ciwon ya fara, sai mu marubuta da masu karatu muka kau da kai daga wurin, muka zuba wa matan ido.

Aikin da boka yake yi wa marubuci

Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Akwai mallaka, akwai farraƙu, akwai kurciya da za a yi wa babban ɗan gida ya bi duniya. Akwai layar da aka binne a bakin ƙofa. Maigida ya daina cefane, ya daina biyan kuɗin makaranta, ya mari matar da ta haifa masa 'ya'ya shida a gaban yaranta, ya kore ta da tsakar dare da saki uku. Shafi ɗari biyu ana wannan.

Can ƙarshe sai a samo malami mai ruƙiyya. A tone layar, a ƙone. Maigida ya farka kamar wanda ya tashi daga barci, ya durƙusa yana hawaye. Uwargida ta ce, "Haba Alhaji, ai ba yin kanka ba ne." Kishiya kuwa ta haukace ta shiga bola, ko mota ta niƙe mata ƙafafu, ko ta kamu da ciwon da ba ya jin magani. Shi ke nan, an gama.

To, a wannan labari wa ya yi zaɓi? Maigida bai zaɓi komai ba, an juya shi ne. Uwargida ba ta zaɓi komai ba, haƙuri kawai ta yi. Mutum ɗaya ne ya yi niyya ya aikata, ita ce kishiya, ita kuma ba a taɓa gaya mana dalilinta ba. Ba mu san gidan da ta fito ba, ba mu san abin da take tsoro ba, ba mu san abin da aka yi mata alkawari kafin ta shigo ba. Muguwa ce, don haka ta yi mugunta. Labarin da ba kowa a cikinsa da yake kokawa da zuciyarsa, me ya rage a cikinsa ban da jiran ranar da asiri zai karye?

Za a ce mini, "Ke ba ki yarda akwai sihiri ba ne?" Na yarda. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta ambaci masu koyon abin da suke raba miji da matarsa da shi. Ba wannan nake musu ba. Tambayata ita ce, a cikin gidaje nawa da muka sani da idonmu aka tono laya, a cikin nawa kuma magana ta tsaya a kan cewa maigida ya ga sabuwar fuska ya manta tsohuwa? Mutumin da zai saya wa ɗaki ɗaya nama ya aika wa ɗayan da kuɗin kuka da daddawa ba ya buƙatar boka. Son zuciya ya ishe shi.

Kuma Alƙur'anin da ya ambaci sihiri, shi ne ya ɗora sharaɗin adalci a wuyan miji a aya ta 3 ta Suratun Nisa'i, ya sake komawa kansa a aya ta 129, inda aka hana shi karkata gaba ɗaya ya bar ɗaya kamar abin da aka rataye. Hadisi ya zo cewa wanda yake da mata biyu ya karkata ga ɗaya zai zo ranar alƙiyama ɓarin jikinsa a karkace. Nauyin a kansa aka ɗora. Littattafanmu kuwa, waɗanda kusan kowannensu ke buɗewa da cewa an rubuta shi don faɗakarwa, su ne suke sauke masa wannan nauyi su aza wa mace.

An taɓa yin wanda ya fi haka

Kada a ce abin da nake nema baƙon abu ne da ba a san shi a adabinmu ba.

A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. A cikinsa ma akwai kishiya, Delu, kuma ba a nuna ta a matsayin mutuniyar kirki ba. Amma kafin Delu ta taka gidan, marubuciyar ta riga ta nuna mana wane ne Alhaji Abdu: ɗan kasuwa mai abin hannu da yake barin Rabi da 'ya'ya tara a kan ɗan kuɗin cefanen da ba ya kai su ko'ina, shi kuwa yana can waje yana jin daɗinsa. Gidan ya riga ya tsage kafin amarya ta zo. Da ya saki Rabi, mun san mutumin da ya yi sakin, mun san halinsa ne. Da gobara ta cinye masa dukiya a kasuwa, mun san wanda kwikwiyon yake bi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a littafin shi ne ƙarshensa. Rabi ta tsaya da ƙafafunta, tana sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta, ta aurar da Saudatu. Sai ga shi an taru a kanta ana matsa mata ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta, yanzu da ba shi da komai. Ta koma. Mai karatu yana rufe littafin ne da ɗaci a baki, yana tambayar kansa ko an yi mata adalci. Shekara 22 bayan fitowarsa, a 2012, wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi masa. Ina ganin abin da ya kai shi can shi ne mutanen cikinsa mutane ne, kowa da alhakinsa a wuyansa.

In aka koma baya sosai, akwai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan ƙagaggun labarai na farko da suka fito daga Zariya a shekarun 1930. A nan ma akwai kishi, akwai asiri. Amma mai kishin namiji ne. Abubakar yana son Zainab, Malam Shehu mai dukiya ya raba shi da ita, shi kuma ya bazama duniya neman abin da zai rama da shi, abin ya faɗa kan Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. An fara nuna mana Abubakar yana saurayi mai soyayya kafin a nuna mana shi yana mai ɗaukar fansa. Mun bi shi taki ɗaya bayan ɗaya har ya zama abin da ya zama. Asirin da ke cikin labarin bai shafe zaɓin kowa ba, shi kansa zaɓi ne da mutum ya yi da zuciyar da aka ƙona. Abin da aka yi wa Abubakar shekara kusan 90 da suka wuce, shi nake roƙo a yi wa kishiya yau: a nuna mana hanyar da ta biyo.

"Ai akwai mugayen kishiyoyi"

Akwai su. Duk mai sauraron rediyo ya sha jin wadda ta watsa wa abokiyar zamanta tafasasshen ruwa, ko ta cutar da ɗan da ba nata ba. Ban ce a ɓoye wannan ba. Karin maganarmu ma ba ta ɓoye ba, tunda har muna cewa ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu.

Sai dai labaran rediyo sun riga sun gaya mana abin da ya faru. Abin da muke zuwa nema wurin marubuci shi ne yadda aka yi aka kai can. Yarinyar da aka kawo gida tana 'yar shekara 18, aka ce mata uwargida ta kusa fita, ta zo ta tarar ba haka ba ne. Matar da ta sayar da awarwaronta ta ba miji jari, ya samu, ranar da ya samu ya fara neman aure, aka kawo mata turmi biyu na kayan faɗar kishiya aka ce ta yi haƙuri. Wadda ba ta haihu ba, tana kallon 'ya'yan wata suna girma a gidan da ta san ranar da maigida ya faɗi tumunin da za a raba musu ne kaɗai nata. Facaloli da dangin miji da ke kai gulma ɗaki zuwa ɗaki. Duk wannan yana nan a unguwarmu. Wanda ya rubuta shi da gaskiya ba ya wanke mai laifi, yana sa mai karatu ta gane cewa ita ma, in aka matse ta haka, tana iya kai wa bakin wannan rami. Wannan ce faɗakarwar da ke hana ɓarna. Dodo ba ya faɗakar da kowa, domin ba wadda take kallon kanta a matsayin dodo.

"Abin da kasuwa ke so ke nan"

Wannan uzuri na fi tausaya masa. Na san yadda marubuciyar intanet take aiki: da waya take bugawa, bayan ta gama girki ta kwantar da yara, masu karatu sun biya 'yan ɗaruruwan nairorinsu suna jiran shafin dare, in ta makara su cika ta da saƙo. In ta sa kishiya ta yi abin kirki sau ɗaya, wasu za su yi mata ca. In ta sa aka kama ta a gidan boka, zaure ya ɗauki sowa.

Amma masu karatun nan ba haka aka haife su ba, mu muka saba musu. Kuma littattafan Balaraba a kasuwar nan ta Kano aka sayar da su, suna cikin rubuce-rubucen da masana irin su Ibrahim Malumfashi suka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, matan aure da 'yan mata ne suka saya suka ba juna aro har bango ya yage. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ita ma ta nuna cewa akwai mata masu alƙalami da za su iya ɗaukar matsala mai nauyi su juya ta ta kowace fuska cikin 'yan shafuka, kuma jama'a su kasa kunne. Mai karatun Hausa ba ya gudun labari mai zurfi in an iya ba shi.

Ba waliyyiya nake nema ba

Wata za ta ce, to so kike a riƙa rubuta mana uwargidan da ke zuwa kasuwa da kanta ta haɗa wa miji lefen amarya tana murmushi? A'a. Ita ma wannan na gan ta a littattafai, galibi na masu son yi wa mata wa'azi, kuma ita ma ba mutum ba ce. Gunki ce aka sassaƙa don a ce wa sauran mata ku dubi wannan ku ji kunya.

Kishi gaskiya ne, yana da zafi, kuma ba ya hana mace zama ta gari. A gidan Manzon Allah (SAW) an yi shi. Ya zo a Bukhari cewa wata daga cikin matansa ta aiko da abinci a ranar da yake ɗakin wata, mai ɗakin ta buge akushin ya faɗi ya fashe. Ya tattara abincin da hannunsa, ya ce wa waɗanda ke wurin uwarku ta yi kishi, sannan ya sa aka biya akushi da akushi. A Bukharin dai, Nana A'isha da bakinta ta ce Zainab bint Jahsh ce mai gogayya da ita a cikin matan. Amma lokacin da aka yi wa A'isha ƙazafi aka tambayi Zainab, ga dama ta samu, sai ta ce tana kare jinta da ganinta, ba ta san komai game da ita ba sai alheri.

Mace ɗaya, ga gogayya ga amana, duka a zuciya ɗaya. Malamanmu suna karantar da wannan a Islamiyya kullum. Me ya hana marubutanmu rubuta irin wannan mace?

Ni a gidan mace biyu na tashi. Mahaifiyata, da muke kira Inna, ita ce uwargida. Abokiyar zamanta muna ce mata Umma, ita kuma tana ce wa Inna Yaya. Wata sallah ina 'yar shekara tara mahaifinmu ya kawo atamfa, ta Umma mai tsada, ta Inna ta kasa da ita, ya ce wai iri ɗaya ce ta ƙare a kasuwa. Inna ta karɓa ta yi godiya, ta sa a ƙasan akwati, ba ta taɓa ɗinka ta ba. Wata biyu ba ta yi wa Umma magana ba sai ta bakin yara: "Je ki ce wa uwarku ta kwashe shanyarta." Umma kuwa ta ɗinka tata, ta sa ranar idi, ta bi ta ƙofar ɗakinmu sau uku ba tare da wani dalili ba. Na gani da idona. Ba wadda ta je wurin boka, kuma ba wadda ta tunkari wanda ya sayo atamfar.

Shekara biyu bayan haka Inna ta sha wuyar haihuwar autanmu, aka riƙe ta a asibiti kusan wata guda. Umma ce ta kwana da ita a kan tabarma a ƙasan gado, ta dawo gida da asuba ta dama mana koko, ta yi mini kitso, ta koma. Ita ta goya jaririn har ya yi ƙwari. Da mahaifinmu ya rasu, a ɗaki ɗaya suka yi takaba, wata huɗu da kwana goma, carbi a hannu, wani lokaci su yi hira har dare, wani lokaci a wuni ba wadda ta ce uffan.

Da aka raba gado, babban ɗan Umma ya zo zai tafi da ita garin da yake aiki, ya gyara mata ɗaki har da fanka da firji. Ta ce masa, "In na bi ka, wa zai riƙa miƙa wa Yaya buta da asuba?" Suna nan tare har yau, gwiwoyin Inna sun ƙi, Umma ce ke kama ta. Amma ko a bara da wata jikarsu ta buɗe tsohon akwatin nan ta ciro atamfar, har yanzu da takardar kamfani a jikinta, ta tambayi ta wace ce, Inna ta ce a mayar inda aka ɗauko, Umma kuma ta tashi ta fita tsakar gida.